Me ya sa Ruby ke ƙin sharaɗina idan ban sa baka biyu ba?

"Assalamu alaikum Malam, da fatan kuna lafiya. Wata uku ke nan da na fara koyon Ruby, yaren rubuta manhajar kwamfuta, kuma tun a darasin farko aka nuna mana cewa ba dole ba ne a sa baka biyu idan ana kiran metod, wato wani aiki mai suna da ake umartar manhaja ta yi. Na saba da hakan, komai yana tafiya daidai. Shekaranjiya na rubuta sharaɗi don tantance adireshin imel kamar haka:

```ruby
if adireshi.include? "@" && adireshi.end_with? ".ng"
  puts "An karɓa"
end
```

Sai Ruby ta ƙi, ta ce: ``syntax error, unexpected string literal, expecting `then' or ';' or '\n'``. Alhali idan na gwada kowane ɓangare shi kaɗai yana aiki. Na sa baka biyu a na farkon, kuskuren bai tafi ba. Wani abokina ya ce in cire `&&` in sa `and`, na yi, ya yi aiki. Amma har yanzu ban gane dalili ba. Don Allah ku fahimtar da ni, kuma wanne ya kamata in riƙe?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗi da ba ka tsaya a kan "ya yi aiki" ba, domin da yawa a nan suke tsayawa, sai bayan wata shida matsalar ta dawo musu da wata kamar daban. Idan na fahimce ka da kyau, kana son sanin abin da ya sa sassa biyu masu lafiya suka ƙi zama tare da aka haɗa su da `&&`, da abin da ya sa gyaran rabi bai wadatar ba, sannan ko shawarar abokinka abin dogaro ce. Zan bi su a hankali. Amma bari in fara gaya maka abin da na fi so ka tafi da shi: kuskuren da ya tsayar da kai alheri ne a gare ka, domin yana da ɗan'uwa wanda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, sai dai shi ba ya ihu, yana barin manhaja ta ci gaba da gudu tana ba da amsar ƙarya. Wanda ya gane na farkon da kyau shi ne zai iya ganin na biyun tun daga nesa.

Inda wannan 'yanci ya samo asali

Yukihiro Matsumoto, wanda aka fi sani da Matz, ya fitar da Ruby a Japan a shekarar 1995, kuma ya sha bayyana cewa burinsa shi ne yaren da mai rubutu zai ji daɗin aiki da shi. Ya ɗebo dabaru daga Perl da Smalltalk da Lisp, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ya sauƙaƙa shi ne barin baka biyu ya zama na ganin dama wajen kiran metod. Shi ya sa kake rubuta `puts "Sannu"` da `require "json"` da `attr_reader :suna` kamar wasu kalmomi ne na musamman a cikin yaren, alhali duk kiran metod ne na yau da kullum. Da Rails, tsarin gina manhajojin yanar gizo da Ruby, ta fito a 2004, ta ginu ƙwarai a kan wannan sauƙi, har layi irin `validates :suna, presence: true` ya zama mutum yana karanta shi kamar jimlar magana. Don haka malamin da ya koya muku bai yi kuskure ba. Abin da darasin farko ba ya faɗa shi ne cewa 'yancin yana da farashi.

Farashin kuwa shi ne wannan. Baka biyu ba ado ba ne, iyaka yake shatawa: na buɗewa yana nuna inda abin da ake miƙa wa metod ya fara, wato abin da a bakin masu sana'a muke cewa agumen, na rufewa kuma yana nuna inda ya ƙare. Idan ka cire shi, farkon bai ɓace ba, domin yana nan bayan sunan metod. Ƙarshen ne ya ɓace. Dole ke nan Ruby ta yanke da kanta inda agumen ya tsaya.

Ka ɗauka ka aiki yaro ka ce masa, "Ka ce wa babanka ina gaishe shi kuma gobe akwai taro." Shin maganar taron tana cikin saƙon da zai kai wa babansa, ko kuwa shi yaron kake tuna wa? Yaro mai wayo zai duba fuskarka, ko ya tuna wane ne ke zuwa taron, ya gane. Ruby ba ta da fuskar da za ta duba. Ƙa'ida ɗaya take bi a kullum: duk abin da ya biyo bayan sunan metod, muddin nahawu ya yarda a haɗa shi, cikin saƙon yake. Kalmar "kuma" ta cikin aikenka ita ce `&&` ta cikin layinka.

Yadda Ruby ta karanta layinka

Kafin Ruby ta gudanar da ko layi ɗaya, sai ta yi wa fayil ɗin gaba ɗaya li'irabi, kamar yadda ɗalibin nahawu ke feɗe jimla ya zana bishiyarta. Idan bishiyar ta ƙi tsayuwa a ko'ina, ba abin da zai gudana, ko da layin da ke da matsalar yana can ƙasa a inda ba za a taɓa isa ba. Wannan shi ne bambancin kuskuren tsarin rubutu da sauran kurakurai, kuma shi ya sa ba ka ga ko saƙon farko na manhajarka ba.

To mu bi layinka daga hagu zuwa dama yadda mai li'irabin ya bi shi. Ya ga `if`, ya san sharaɗi na tafe. Ya ga `adireshi.include?`, sai sarari, sai `"@"`, ya gane cewa an fara miƙa agumen ba tare da baka ba. Daga nan sai ya ga `&&`. A ranka, a nan kiran farko ya ƙare. A wurinsa kuwa `&&` alama ce da ke haɗa abin da ke hagunta da abin da ke damanta, kuma abin da ke hagunta kai tsaye shi ne `"@"`, ba kiran `include?` ba. Saboda haka ya ci gaba da tara agumen, ya haɗiye `adireshi.end_with?` a matsayin kira marar agumen. Zuwa wannan gaɓa abin da ke hannunsa shi ne:

```ruby
if adireshi.include?("@" && adireshi.end_with?)
```

A ganinsa sharaɗi ya cika, saura a ce `then`, ko a sa waƙafi mai ruwa, ko a sauka sabon layi. Kwatsam sai ga `".ng"` tsaye ba ta da wurin zama. Ka sake karanta saƙon kuskuren yanzu, za ka ga abin da yake faɗa ke nan kalma da kalma: ya ci karo da rubutu a inda yake jiran `then` ko waƙafi mai ruwa ko sabon layi. A tsofaffin nau'o'in Ruby za ka ga `unexpected tSTRING_BEG, expecting keyword_then`, magana ɗaya ce, sunayen da mai li'irabin ke amfani da su a cikin gida ne kawai suka fito fili.

Ba sai ka yarda da ni haka kawai ba. Buɗe `irb`, wato wurin gwada layukan Ruby ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta `p "@" && 5`. Za ka ga ta buga 5, ba "@" ba, domin an fara lissafa `"@" && 5`, sakamakon ne aka miƙa wa `p`. Sannan ka rubuta `p("@") && 5`, za ka ga a wannan karon "@" ta buga. Waɗannan layuka biyu, idan ka zauna da su minti biyar, sun fi dogon bayani amfani.

Saura batun gyaran rabi, kuma a nan gizo ke saƙa. Ka rubuta `adireshi.include?("@") && adireshi.end_with? ".ng"`, kuma a ido babu sauran ruɗani, tunda kiran farko ya rufu, na biyun kuma shi ne na ƙarshe a layin. Me ya sa ta ƙi? Dalili shi ne nahawun Ruby hawa-hawa ne. A cikin fayil ɗin `parse.y`, inda aka daɗe ana ajiye dokokin nahawun yaren, akwai matakai da ake kira `stmt` da `expr` da `arg` da `primary`, daga mafi faɗi zuwa mafi ƙanƙanta. Kiran metod mai baka biyu yana can a matakin ƙasa, dunƙulalle ne kamar lamba ko rubutu, ana iya ajiye shi ko'ina. Kiran metod mai agumen amma marar baka kuwa an ajiye shi sama, a matakin `expr`. Ita kuma `&&` a matakin `arg` take, kuma dokarta ita ce hagunta da damanta duka su kasance daga matakinta ko ƙasa da shi. Babba ba ya shiga gurbin ƙarami sai an dunƙule shi. Don haka ko `true && puts "to"` kuskuren tsarin rubutu ne, duk da sauƙinsa. Haka abin yake ga `||` da `==` da `+` da sauran alamomin lissafi da kwatanci.

Da wannan za ka gane dalilin da ya sa ka yi wata uku ba ka ci karo da matsalar ba. Kira marar baka yana da wuraren da nahawu ya yi masa izini: idan shi kaɗai ne a layi, idan shi kaɗai ne sharaɗin `if` ko `unless` ko `while`, idan shi ne gaba ɗayan abin da ke bayan alamar `=` a layin ajiye ƙima, ko kuma idan shi kaɗai ne agumen na wani kiran, kamar `puts jeri.include? 5`. Duk darussan farko a cikin waɗannan wurare suke yawo. Ranar da ka fara haɗa sharaɗi biyu, ranar ce ka fita daga cikinsu.

Ɗan'uwan da ba ya ihu

Da a ce ka sa bakan a na biyun maimakon na farko, da labarin ya sauya:

```ruby
if adireshi.include? "@" && adireshi.end_with?(".ng")
```

Wannan ya wuce li'irabi lafiya lau, domin Ruby ta karanta shi a matsayin `include?("@" && adireshi.end_with?(".ng"))`. Abin da ya isa ga `include?` shi ne `true` ko `false`, ba "@" ba. A nan ma da sauran sa'a, domin `include?` na rubutu ba ya karɓar komai sai rubutu, zai tsaya ya ce `no implicit conversion of true into String`. Amma `include?` na jeri ba ya zaɓe, duk abin da ka ba shi zai nema. Dubi wannan:

```ruby
if dalibai.include? suna && shekaru >= 18
```

Ruby ta fara duba `suna`, ta ga ba fanko ba ne, sai ta lissafa `shekaru >= 18`, ta sami `true`, sannan ta shiga jerin ɗalibai tana neman `true` a cikin sunaye. Ba za ta samu ba, don haka sharaɗin ƙarya ne a kullum, ga kowa da kowa, kuma babu gargaɗi ko ɗaya.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne na `||`, domin shi yana ba da amsa daidai a mafi yawan lokuta. Ni da hannuna na taɓa rubuta irinsa a wata manhajar duba sakamakon jarrabawa da na yi wa wata makaranta. Dokar ita ce a bar mutum ya buɗe shafin maki idan lambarsa tana cikin jerin malaman ajin, ko kuma idan shi ne shugaban makaranta. Na rubuta `if malaman_aji.include? lamba || shugaba`. Na gwada da asusuna, ya buɗe. Malamai suka gwada, ya buɗe musu. Na gwada da asusun ɗalibi, ya ƙi, kamar yadda ya kamata. Sai ranar da shugaban makarantar ya zauna zai duba sakamakon zangon karatu, shafin ya ce ba shi da izini. Na yi kwana biyu ina tonon rumbun bayanai ina zargin an shigar da matsayinsa ba daidai ba, na karanta layin nan ya fi sau goma, kuma kowane karo idona yana karanta abin da na yi nufi maimakon abin da na rubuta. Ashe Ruby tana lissafa `lamba || shugaba` ne tukuna, kuma tunda `lamba` ba ta taɓa zama fanko ba, kalmar `shugaba` ba ta taɓa yin aiki ba ko sau ɗaya tun ranar da na rubuta ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga baya shi ne cewa kuskuren ya faɗa ta gefen hanawa ne. Da tsarin sharaɗin ya juya, da ƙofa ce ta buɗe wa wanda bai cancanta ba, kuma babu wanda zai zo ya kawo ƙara.

Akwai kuma mai wasan ɓuya. `if maki.between? 40, 100 && ya_biya` yana zama `between?(40, true)` ga wanda ya biya. Idan makin 30 ne, Ruby tana kwatanta shi da 40, ta ga bai kai ba, ta dawo da `false` ba tare da ta duba iyaka ta biyu ba, sai komai ya yi kama da daidai. Idan makin 65 ne, sai ta zo kwatanta shi da `true`, manhajar ta faɗi da `comparison of Integer with true failed`. Wato tana aiki ga wanda ya faɗi jarrabawa, tana rushewa ga wanda ya ci.

Gajeren sharaɗi mai alamar tambaya da ruwa biyu shi ma yana faɗawa wannan rami. A `sako = suna.include? harafi ? "akwai" : "babu"`, abin da aka miƙa wa `include?` shi ne sakamakon `harafi ? "akwai" : "babu"`, don haka `sako` ba zai taɓa zama "akwai" ko "babu" ba, `true` ko `false` zai riƙe. Idan metod ɗin ba shi da agumen, kamar `jeri.empty? ? "fanko" : "cike"`, babu matsala, sai dai ka kula da sararin da ke tsakanin alamomin tambayar biyu.

Shawarar abokinka

Abokinka bai yi ƙarya ba, kuma yanzu kana da abin da za ka gane dalili. Kalmomin `and` da `or` da `not` suna zaune ne a matakin `expr`, wato mataki ɗaya da kira marar baka. Agumen ba ya iya haɗiye su, don haka da mai li'irabi ya iso kan `and` sai ya rufe kiran da ke hannunsa. Layinka da `and` daidai yake, kuma ma'anarsa ita ce wadda ka nufa.

Duk da haka ba na ba ka shawarar ka mayar da shi al'ada, domin gudun gara ne za ka faɗa gidan zago. `and` ba wata hanyar rubuta `&&` ba ce, fifikonsu ya bambanta ta fuska biyu. Ta farko, `and` tana ƙasa da alamar `=`. Idan wata rana ka ɗauke sharaɗin daga cikin `if` ka ajiye shi a ma'aji, ka rubuta `ingantacce = adireshi.include?("@") and adireshi.end_with?(".ng")`, to amsar ɓangaren farko kaɗai ce za ta shiga `ingantacce`, ta biyun a lissafa ta a zubar. Gwada `x = true and false` a `irb`, sannan ka duba `x`, za ka tarar da `true`. Ta biyu, `&&` tana gaba da `||` a fifiko, amma `and` da `or` kai ɗaya suke, ana bin su daga hagu zuwa dama. Saboda haka `true || false && false` yana ba da `true`, shi kuwa `true or false and false` yana ba da `false`. Wanda ya bi fayil yana sauya alamomi da kalmomi kan mai uwa da wabi zai iya juya ma'anar sharaɗi bai sani ba.

Waɗannan kalmomi Ruby ta gaje su ne daga Perl, inda aka yi su don jan ragamar aiki, irin "yi kaza, in ya ƙi ka tsaya". A Ruby ma a nan suka fi dacewa, kamar `layi = gets or raise "babu shigarwa"`. Wasu ƙwararru suna son wannan salo, wasu ba sa taɓa shi sam, kuma duka ɓangarorin suna da hujja. Amma a cikin sharaɗi, jagoran salon rubutu da yawancin masu Ruby ke bi, wanda Bozhidar Batsov ya assasa, ya zaɓi `&&` da `||`, kuma ni ma a nan nake.

Gyaran da nake yi

Ga layinka yadda ya kamata ya kasance:

```ruby
if adireshi.include?("@") && adireshi.end_with?(".ng")
  puts "An karɓa"
end
```

Ka lura da kyau cewa bakan a manne yake da sunan metod, babu sarari a tsakani. Wannan ƙaramin abu ya kayar da mutane da yawa waɗanda suka ji an ce "sa baka biyu" suka sa, amma da sarari. Idan ka rubuta `dalibai.include? (suna) && shekaru >= 18`, Ruby ba ta ɗauki bakan a matsayin iyakar agumen ba, ta ɗauke shi baka ne irin na lissafi da ke kewaye `suna` kawai, kiran kuma har yanzu marar baka ne, yana ci gaba da haɗiye abin da ya biyo baya. Ka koma gidan jiya, sai dai yanzu layin ya fi yaudarar ido. Misalin da aka fi nunawa shi ne `puts (1 + 2) * 3`, wanda ke buga 9, alhali `puts(1 + 2) * 3` yana buga 3 sannan ya faɗi, domin ana ƙoƙarin ninka `nil`, wato fankon da `puts` ke dawowa da shi, sau uku. Idan kuma agumen biyu ne, kamar `maki.between? (40, 100)`, kuskuren tsarin rubutu za ka samu a kan waƙafin.

Akwai wata hanyar da nahawu ya yarda da ita, wato kewaye kiran gaba ɗaya: `if (adireshi.include? "@") && (adireshi.end_with? ".ng")`. Tana aiki, domin duk abin da aka sa cikin baka ya dunƙule ya sauko matakin ƙasa. Amma tunda za ka sa bakan ko ta yaya, gara ka sa shi inda kowane mai karatu ke tsammaninsa.

Ƙa'idar da nake bi a aikina, kuma nake ɗora waɗanda nake horarwa a kai, ita ce: idan kiran yana da agumen, kuma amsarsa ake so a yi wani abu da ita, to baka biyu dole ne, ko da a yau shi kaɗai ne a sharaɗin. Dalilina shi ne sharaɗi ba ya zama yadda aka haife shi. Yau `if jeri.include? x` ne, bayan wata biyu wani zai zo da gaggawa ya ƙara `|| wani_abu` a ƙarshen layin, kuma ba lallai ya tsaya ya duba farkonsa ba. Ina barin baka ne a inda kiran yake umarni tsayayye shi kaɗai a layi, kamar `puts` da `require` da `raise` da `attr_reader` da ire-iren layukan Rails. Metod marar agumen kuwa, kamar `jeri.empty?` ko `suna.upcase`, ba ya buƙatar baka ko kaɗan, kuma rubuta `empty?()` baƙon abu ne a Ruby. Idan sharaɗin ya yi tsawo har bakan ya yi yawa, wannan alama ce cewa ya kamata a ba shi suna, a mayar da shi metod kamar `adireshi_ingantacce?`, sai `if` ɗin ya zama gajere.

Kada kuma ka dogara da idonka kaɗai, tunda na gaya maka yadda nawa ya yaudare ni. `ruby -c sunan_fayil.rb` yana duba tsarin rubutu ba tare da ya gudanar da komai ba, idan lafiya ya ce `Syntax OK`. `ruby -w` yana kunna ƙarin gargaɗi. Amma waɗannan biyun ba za su kama ɗan'uwan da ba ya ihu ba, domin a wurinsu layin halal ne. Wanda ke kama shi shi ne RuboCop, manhajar da ke duba rubutun Ruby tana nuna kurakurai, da dokarsa mai suna `Lint/RequireParentheses`, wadda aka yi musamman don metod mai alamar tambaya da aka kira babu baka alhali akwai `&&` ko `||` a agumen ɗinsa na ƙarshe, da kuma `Lint/ParenthesesAsGroupedExpression` mai kama sararin nan na gaban baka. Da na sa RuboCop a aikin makarantar nan tun farko, da bai ci mini kwana biyu ba. Bayan wannan, duk sharaɗin da ke da ɓangare biyu ka gwada shi ta yadda kowane ɓangare zai yanke hukunci shi kaɗai: na farko gaskiya na biyu ƙarya, sannan akasin haka. Gwajin da ban yi ba ke nan a wancan lokaci.

Idan wata rana ka koma Python ko JavaScript, ka sani cewa rashin baka a can wata cuta ce daban. A Python, `if lamba.isdigit:` ba kuskuren tsarin rubutu ba ne, amma ba a kira metod ɗin ba sam, shi kansa metod ɗin ake dubawa, kuma a kullum ana ɗaukarsa gaskiya. Mai zuwa daga Ruby ya fi kowa saurin faɗawa wannan, saboda hannunsa ya saba da `empty?` marar baka.

Bayanina ya tsaya ne a kan layuka ukun da ka turo da kuma Ruby ta asali da yawancinmu ke amfani da ita. Daga nau'i na 3.4, wanda ya fito a Disambar 2024, Ruby ta koma amfani da sabon mai li'irabi mai suna Prism, don haka idan ka sabunta za ka ga kalmomin saƙon kuskure sun sauya kuma sun fi nuna wurin da matsalar take, amma ƙa'idar da na bayyana tana nan yadda take. Sannan baka biyu zai gyara maka nahawu ne kawai, ba zai mayar da sharaɗinka cikakken tantance imel ba: rubutu irin "@.ng" zai wuce, mai adireshin da ya ƙare da ".com" kuma za a kore shi, sai ka duba ko hakan kake so. Idan ka yi gyaran kuma kuskuren ya koma wani layi na daban, musamman can ƙarshen fayil, to wataƙila wani `end` ne ya ɓace a sama. Ka turo mini metod ɗin gaba ɗaya tare da abin da `ruby -v` ya nuna maka, mu duba tare in sha Allahu.